Koriyar Ledar Malam Fang

Ni ne mutum na farko da ya sayi kwamfuta a layinmu. Duk mai musu ya zo Changhua ya same ni. Lokacin ina aiki a ofishin tikiti na tashar jirgin ƙasa, na ɗauro ta a bayan babur da igiya, maƙwabta suka fito suna leƙe. Tun daga ranar, duk wanda tasa ta yi masa gardama, ƙofata, ni Yen Tsung-hai, yake bugawa. Ban ce na iya komai ba. Amma na san a kashe a sake kunnawa, na san inda ake hure ƙura, kuma ban taɓa barin kwamfutar gidana ta zauna babu koriyar ledar guggurun kwakwa a kanta ba. Kore, ba rawaya ba, rawaya fitina take jawo wa inji. Ba a buɗe ta, ba a ci, kuma kafin wa'adinta ya cika a sauya sabuwa. Haka muke yi wa injinan tikitinmu a tasha, kuma ba su cika ba mu kunya ba.

Matata Bi-hsia kuwa tsoron abin take yi. In za ta goge tebur, zagaye shi take yi da tsumma kamar mai zagaye karen maƙwabta. Ɗanmu ya turo hoton jika daga Hsinchu, ni za a kira. Za a kama layin ganin likita, ni. Ina zaune a kujera, tana tsaye a bayana da hannu ɗaya a kafaɗata tana cewa, "Tsoho, a hankali, kar ka ɓata." Na sha yi mata tsawa a kan wannan tsayuwa, ina cewa tana hura mini iska a wuya. Gaskiyar magana kuwa ina son abin. Mutumin da ya ajiye aiki, babu sauran mai tambayarsa jirgin ƙarfe nawa ne zai tashi zuwa Taichung, to ko ba komai a gida akwai mai jiran ya ce a danna ko kar a danna.

Sai mai unguwarmu, wanda zaɓe ya matso kuma ya kasa zama wuri ɗaya, ya ƙirƙiro aji a ɗakin taro na bayan haikali. Wai za a koya wa tsofaffi yadda za su tsare kwamfuta da waya daga ƙwayoyin cuta da 'yan damfara. Duk wanda ya zo za a ba shi kwalbar sabulun wanke-wanke. Don sabulun Bi-hsia ta je, ni shaida ne.

Mai koyarwar wani ne Malam Fang, tsohon ma'aikacin banki, matarsa ta rasu. Sa'ana ne, in ma bai girme ni ba, amma gashinsa baƙi wuluk, kuma kowa ya san a wace kwalba aka sayo baƙin. Rigarsa kullum a goge. Magana yake yi ƙasa-ƙasa, irin wadda sai ka matso kusa kafin ka ji. Tun ganin farko da na yi masa na ce wannan da gangan yake rage murya.

Ba a jima ba "Malam Fang ya ce" ya shigo gidana ya samu wurin zama. Muna shan madarar waken suya da safe, Malam Fang ya ce kar a buɗe abin da ba a san wanda ya aiko ba. Muna cin abincin rana, Malam Fang ya ce ko an san wanda ya aiko, a kira shi a ji daga bakinsa. Har saƙon da ƙanwata ta turo na gaisuwar safiya, mai hoton fure, sai da aka tsaya aka ƙare masa kallo.

Wata rana na dawo daga aski na tarar da ita a kujerata, ta ɗora tabarau a kan hanci, hannunta a kan linzamin kwamfuta kamar ta haife shi.

"Tsoho, ka san riga-kafin kwamfutar nan ya daɗe da mutuwa?"

"Wane riga-kafi? Ga shi nan a ƙasa, alamar garkuwa."

"Garkuwar ja ce. Kore ya kamata ta zama. Kullum tana roƙonka a sabunta ta, kai kuma kana danna 'sai an jima'."

"Ina da abin yi ne."

"Wane abin yi?"

Na tafi na wanke fuska. Da na dawo garkuwar ta zama kore, kuma 'yar takardar da na manna a gefen allo, mai ɗauke da kalmar sirrinmu, ranar haihuwar ɗanmu, tana cikin kwandon shara.

"Na raba mana," in ji ta. "Ga ɓangarenka, ga nawa. Naka ne babba, kai ke da ikon sa manhaja da cirewa, ban taɓa maka shi ba. Sai dai ka canja kalmarka, duk layin nan sun san ranar da na haihu."

"Naki fa, mece ce kalmar?"

"Tawa ce."

"Na san taki ce. Cewa na yi mece ce?"

"Malam Fang ya ce ba a faɗa wa kowa."

"Ni ne kowa?"

"Ya ce ko miji, ko ɗa, ko wanda ya bugo waya ya ce shi ɗan sanda ne."

"Ya ce ko miji? Da bakinsa ya ce miji?"

"Ya ce ko mata ma, ai akwai maza a ajin. Zo ka ci abinci, yana hucewa."

Na ci, amma ban ji ɗanɗanon komai ba. Tun muna zaune a ɗaki ɗaya a gidan iyayena, matar nan ba ta da akwatin da ban san abin da ke ciki ba. Ko kuɗin adashinta na san gwangwanin da take ɓoyewa, kuma ta san na sani. Yau ga ƙofa a tsakiyar falona, an kulle, kuma wani mai rinannen gashi ne ya ce a kulle.

Kishi nake yi, ba sai an tayar da boka ba. Tsoho da ni, da gwiwar da ke ƙara in zan hau bene. Da yamma sai in zauna ina riƙe da jarida, ita tana can tana buga rubutu da yatsa biyu a zauren hirar 'yan ajinsu, lokaci-lokaci ta yi 'yar dariya ta hanci. Na san dariyoyin Bi-hsia duka. Akwai ta jika, akwai ta wasan talabijin, akwai wadda take yi in na yi tuntuɓe. Wannan ban santa ba.

"Me ya ba ki dariya?"

"Ba komai. Malama Tu ce ta turo hoton ƙafarta ba ta sani ba."

Wataƙila gaskiya ne. To amma yaya zan sani?

Malama Tu ɗin ita ce mai shagon gyaran gashi a bakin layi, kuma ita ta ƙarasa ni. Da yamma ne, motar shara ta shigo da kiɗanta, kowa ya fito da ledarsa yana jira.

"A'a, Malam Yen, kai ake aikowa da shara yanzu? Ai dole, uwargida ta zama 'yar boko."

"Motsa jiki nake yi."

"Ka ji labari kuwa? In an shiga sabon zango ita za ta riƙa taimaka wa Malam Fang, ta zaga tana duba mana. Ya ce bai taɓa samun ɗaliba mai kai irin nata ba. A gaban kowa ya faɗa, har ta yi ja." Ta gyara riƙon ledarta ta dube ni sama da ƙasa. "Kai dai ka yi sa'a. Wasu suna ajiye zinariya a gida shekara da shekaru suna murza albasa da ita."

Na wurga sharata da ƙarfin da sai da mai motar ya harare ni. Bi-hsia ba ta gaya mini zancen taimakon ba. Da na tambaye ta, ta ce jira take a tabbatar, kar ta faɗa abin ya fasa. Idonta yana ƙyalli lokacin da take maganar. Rabon da in ga tana son wani abu haka, tun ranar da aka ce surukarmu ta haihu.

Ranar da suka rufe zangon farko, ta dawo da koriyar leda a jakarta. Ina kallo ta ɗauke tawa daga kan kwamfuta, ta ajiye a kan firji, ta ɗora sabuwar.

"Me tawa ta yi?"

"Ta kusa ƙarewa. Kuma ka ɗora ta a kan ramukan iska, shi ya sa injin yake zafi."

Na matsa na duba. An yi rubutu a jikin ledar da baƙin alƙalami mai kauri, rubutu mai kyau, irin na mutumin da ya san rubutunsa yana da kyau: Ki yi wa Bi-hsia biyayya. Ba Malama Bi-hsia ba, ba matar Yen ba. Bi-hsia kawai, kamar shi ya raɗa mata.

"Kowa ya ba shi tasa da sunansa," in ji ta tun kafin in buɗe baki. "Ya ce leda ba ta kashe ƙwayar cuta, amma kuma ba ta hana a sabunta riga-kafi, don haka a riƙe duka biyun."

Ka ji fa. Kujera ta tafi, kalmar sirri ta tafi, yanzu har ledar, abu ɗaya da ya rage nawa, shi ma sai da iznin Fang zai zauna. Kwamfutar da na saya da kuɗina, wani ƙato yana ba ta umarni a rubuce wa za ta bi.

Washegari da safe ta ɗauki kwandonta ta tafi kasuwa. Na zauna ni da ledar muna kallon juna. Na kunna talabijin, na kashe. Na shayar da shuke-shuken baranda da ta riga ta shayar. Sannan na dawo na ɗauki ledar na farke ta tun daga kan sunan.

Na cinye tas. A tsaye na ci, ina cusawa da hannu biyu, har da garin ƙasan na karkata na zuba a baki. Abin da ya fi ba ni haushi, daɗi gare shi. Shekarun nan duk ina saye ina ajiyewa ina zubarwa, ban taɓa ɗanɗanawa ba sai ranar. Ni da na taɓa yi wa wani sabon ma'aikaci wankin babban bargo a tasha don ya ci ledar injin tikiti, ga ni ina lasar yatsu.

Na yi zaton zan huce, sai abin ya ƙaru. Tunda na riga na yi mai wuyar, na ce bari in ƙarasa. Na zauna na shiga ɓangarena, na rubuta a wurin bincike yadda mutum zai ga saƙonnin matarsa a kwamfuta. Kai, ashe ba ni kaɗai ba ne, shafuka suka zubo ba iyaka. Na zaɓi wanda ya ce kyauta ne kuma ba za ta taɓa sani ba. Na danna saukewa.

Nan take garkuwar nan ta yi tsalle zuwa tsakiyar allo, ja wur, tana cewa wannan abu mai haɗari ne, an tsare shi.

"Kai ma yaron Fang ne," na ce mata.

Ta tambaye ni ko na tabbata ina so in kashe kariya. Na tabbata. Ta sake tambaya. Na sake tabbata. Ai nawa ne babban ɓangare, matata da kanta ta bar mini ikon. Manhajar ta shiga, wani da'ira ya yi ta juyawa, aka ce in jira, aka ce an kusa, sai allon ya yi ƙif ya dawo. Shi ke nan. Ban ga saƙo ko ɗaya ba, ko gaisuwar safiya. Abin da na samu kawai wata alama ce da ta zauna a tsakiyar ɓangarena, hoton ido yana leƙe ta ramin makulli, da suna a ƙasa: Ga Abin da Matarka ke Ɓoyewa. Na ja ta zuwa kwandon gogewa, ta dawo. Na sake ja, ta sake dawowa. Na nemi in tayar da garkuwar, ta ƙi tashi.

Sai a lokacin gumi ya karyo mini. Na kashe kwamfutar, na tura farkakkiyar ledar can ƙasan shara, na ruga kantin kusurwa na sayo sabuwa kore na ɗora. A raina ina cewa wataƙila injin bai lura ba.

Bi-hsia ta dawo da kifi da gwaba, ta yi girki, muka ci. Bayan abinci ta kunna ta shiga ɓangarenta ta gaisa da 'yan ajinsu kamar kullum, ta je ta ɗan kwanta. Ba ta kai ga barci ba wayar gida ta fara ƙara.

Ƙanwata ce ta farko. Wai wace gasa ce jikarmu ta shiga ba a gaya mata ba? Kafin a ajiye, wayar hannu ta ɗauka. Matar mai unguwa, sai wata daga ƙungiyar matan haikali, sai ɗanmu daga wurin aiki yana ce wa mahaifiyarsa, "A-bu, kar ki taɓa komai, ba ke kika aika ba ko?" Saƙo ne ya fita da sunan Bi-hsia zuwa ga duk wanda ta sani a duniya: jikata ta shiga gasar zane, ku taimaka ku danna nan ku zaɓe ta. Har da hoton fure a ƙarshe, irin wanda take sawa.

Ban taɓa ganin matata da sauri haka ba. Ta durƙusa ta zare wayar intanet daga bango, ta zauna gaban wayar gida ta fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Kowa ta kira sai ta ce, "Ba ni ba ce, kar ki danna, ki yi haƙuri," tana sunkuyar da kai ga wanda ba ya ganin ta. Yawanci ba su danna ba. Malama Tu ta danna. Ta ce ta ga daga Bi-hsia ne, Bi-hsia kuwa ai ba ta kuskure, har lambar da aka turo mata a waya ta kwafa ta ba su. Yanzu duk matan da take yi wa gashi sun samu saƙon jikarta, ita da ba ta da jika.

Da wayar ta ɗan lafa, Bi-hsia ta juyo. Muryarta ta dishe.

"Tsoho, ka taɓa wani abu da safe?"

"Ni? Me zan taɓa? Ai yanzu ku ne masana."

Ta kalli kwamfutar, ta kalli ledar da ke kai. Ta ɗauka ta juya ta gaba da baya.

"Ina wadda aka yi wa rubutu?"

"Ɓera ya farka ta."

"Ɓeran ne ya je kanti ya sayo wannan?"

"Ni na sayo. Laifi ne?"

Ta daɗe tana kallo na, sannan ta mayar da ledar daidai inda take, nesa da ramukan iska. Ni kuwa a raina na kama wannan igiya da hannu biyu: ledar ce. An ci leda kafin wa'adi, dole inji ya yi fushi, kowa ya san haka. Har na kusa yarda da kaina.

Malam Fang ya ce a kawo kwamfutar ɗakin taro ranar komawa aji, kar a kunna ta kafin nan. Ba za ta iya ɗauka ba, don haka ni na ɗauka. Na so in ajiye a bakin ƙofa in juya, ta ce in shigo, za a buƙace ni.

Ɗakin ya cika. Waɗanda suka daina zuwa tun da sabulu ya ƙare duk sun dawo. Mai unguwa yana gaba da rigarsa mai ɗauke da sunansa. Malama Tu ta zauna a layin farko ta harɗe hannu, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Fang ya gaishe ni da hannu biyu, ya haɗa kwamfutar da wani ƙaramin allo a kan teburinsa, fuskar allon tana kallon bango. Mu uku ne kawai a bayan teburin. Ya shiga ɓangaren Bi-hsia ya dudduba, ya ce ta nan aka sace hirarta, amma ba ta nan ɓarawon ya shigo ba.

"Malam Yen, sai ka taimaka mana da kalmarka. Babban ɓangaren ne kawai zai iya cire abin."

Ya kawar da kai gefe don kar ya ga abin da nake bugawa. Ko a nan sai da ya nuna mini tarbiyya. Na buga, ɓangarena ya buɗe.

Ga idon nan a tsakiyar allo yana leƙe ta ramin makulli, ga sunan a ƙasa da manyan baƙaƙe.

Na ji Bi-hsia ta ja numfashi a gefena. Na jira Fang ya dube ni. Na shirya masa, har na tanadi abin da zan ce in ya yi murmushi. Bai dube ni ba. Ya ɗaga ido ya dubi matata. Ita kuma ta girgiza masa kai, kaɗan, wanda in ba ka zauna da ita shekara arba'in ba ba za ka ce ta motsa ba. Shi bai zauna da ita ko wata shida ba, amma ya gane. Ya ja wani shafi ya rufe idon.

"To, Malam, me ya faru?" in ji mai unguwa.

Bi-hsia ce ta fito gaban tebur. Ta haɗa hannuwanta ta sunkuya.

"Ni ce. Wani abu ya fito ya ce na ci kyautar tukunyar shinkafa, na danna. Riga-kafi ya hana, na kashe shi. Na san bai kamata ba, kwaɗayi ne. Ku yafe mini, musamman ke, Malama Tu."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Matar da ko takardar rangwamen kanti sai ta karanta bayanta kafin ta karɓa, wai tukunyar shinkafa.

"Ke da za ki zaga kina duba mu?" in ji Malama Tu. "Ni saboda sunanki na danna. Matan da na yi shekaru ina wanke wa kai, yau ina bin su ina ba da haƙuri kamar ɓarauniya."

"Gaskiyarki ne," in ji Bi-hsia.

Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce, to, zancen mataimakiya wataƙila a ɗan dakata tukuna, kar mutane su ga kamar ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. Wasu suka gyaɗa kai. Na ga wuyan Bi-hsia ya yi ja har zuwa kunne. Bakina yana nan a fuskata, ƙafafuna suna nan, tsakanina da gaban teburin bai fi taku ba. Ban motsa ba. Ina ta gaya wa kaina in na yi magana yanzu na mayar da ita maƙaryaciya a gaban jama'a, kuma wannan gaskiya ne, amma ba shi ya riƙe ni ba.

Fang ya miƙe da muryar nan tasa ta ƙasa-ƙasa. Ya ce abin da ya samu Malama Bi-hsia darasi ne mai kyau, irin tallar kyautar nan ta yi yawa kwanan nan, shi ma an sha turo masa. Ya bayyana yadda tallar take fitowa, da launinta, da inda ake dannawa a rufe ta. Tallar da ba a taɓa yi ba, ya zana ta a allo har da murfin tukunya. Ƙaryar matata ya ɗauka ya yi mata ƙafafu, ko gezau bai yi ba. Ya ce abin koyi shi ne yadda ta zare waya nan take ta kira kowa. Daga nan ya zauna ya wanke kwamfutar, ya tayar da garkuwar, ya taimaka wa Malama Tu ta karɓo hirarta.

Da zai miƙo mini injin, ya shafa gefensa ya ce, "Malam Yen, ka iya riƙon kaya. Na buɗe ciki, ko ƙura babu."

Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Na karɓa na ce na gode, da bakina.

Bi-hsia ta ce in je in ɗaure kwamfutar a babur, tana zuwa. Na fita, na ɗaure, na jira. Mutane suka watse, Malama Tu ta wuce ni tana cewa in riƙa sa wa matata ido a kan na'ura, tunda ni na san kanta. Da jiran ya yi yawa na koma bakin ƙofa. Su biyu ne suka rage a ɗakin. Ta sunkuya masa, sunkuyo mai tsawo, ba irin na ɗaliba da malami ba. Ya ce mata wani abu da ban ji ba, ta sa bayan hannu ta goge ido, ta gyaɗa kai, har ta ɗan yi murmushi. Na ja da baya kafin su gan ni.

A nan tsaye na san abin da ban samu gani a kwamfuta ba. Babu komai a tsakaninsu. Ba a taɓa yi ba, sai hoton ƙafar Malama Tu da gaisuwar safiya. Yau kuwa akwai. Akwai abin da shi ya sani, ita ta sani, sun haɗu sun rufe, ba za su taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ni na kai musu shi a bayan babur. Kishin da na yi a baya ashe wasa ne.

Ta fito ta sa hular kwano ta hau bayana. Muka bi ta gaban haikali, muka wuce mai sayar da gwaba. Na so in ce ki yi haƙuri. Na jera kalmomin a raina tun daga ƙofar ɗakin taro, sau biyu na buɗe baki. Da muka tsaya a fitilar mahaɗar tasha, abin da ya fito daban ne.

"Me ya ce miki?"

Ta amsa, babu fushi a muryarta, sai gajiya.

"Tsakanina da shi ne, Tsoho. An ba mu hannu, mu tafi."